Rabin Minti Tsakanin Sama da Ƙasa: Haɗarin Ƙananan Jirage Wajen Tashi

Duk wanda ya zauna a Zariya ya saba ganin ƙananan jiragen sama suna shawagi a kan unguwanni. Na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, wadda aka kafa a shekarar 1964. Mai kallo daga ƙasa yakan ɗauka cewa haɗari yana can ƙololuwar sama. Amma malaman tuƙi sun san cewa minti na farko bayan jirgi ya bar ƙasa yana daga cikin lokutan da suka fi tsanani ga ɗalibi. Me ya sa?

Bari mu ɗauki misali da Cessna 172, jirgi mai kujeru 4 da inji ɗaya, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1956, kuma makarantun tuƙi da dama a duniya suke koyarwa da shi. Abin da ke riƙe shi a sama shi ne iskar da ke ratsa fikafikansa. Matuƙi yakan ɗaga hancinsa daga titi idan gudunsa ya kai kimanin kilomita 100 a awa. Idan kuwa gudun ya faɗo ƙasa da kilomita 90, sai an ɗaga hancin ƙwarai kafin ya tsaya a sama. Da zarar kusurwar da fiffike ke tarar iska ta haura digiri 15 ko 16, iskar takan wargaje, jirgin ya rikito. Ke nan tazarar da ke tsakanin tashi da faɗuwa 'yar kaɗan ce.

To, a ce injin ya mutu jirgin yana bisa da mita 100. Ba ya faɗowa kamar dutse; gangarowa yake yi, yana cin kusan mita 9 gaba a duk mita ɗaya da ya sauko. Amma lissafi ya nuna cewa rabin minti kawai ya rage kafin ya taɓa ƙasa.

A nan ne zuciya takan yaudari ɗalibi ta hanyoyi biyu. Na farko, ganin ƙasa na matsowa sai ya ja sitiyari don ya ɗaga hanci, alhali kuwa hakan ne ke cinye sauran gudun. Na biyu, sai ya yi ƙoƙarin juyawa ya koma titin da ya baro. Juyin da aka saba, na digiri 3 a daƙiƙa, yana buƙatar minti guda kafin jirgi ya fuskanci inda ya fito, wato ninki biyu na lokacin da ya rage. In kuma ya karkata fikafikai har digiri 60 don ya yi sauri, gudun da jirgin ke buƙata don kada ya rikito zai ƙaru da kashi 41 cikin 100. Shi ya sa ake yi wa wannan juyi laƙabi da juyin da ba ya yiwuwa.

Saboda haka malamai ke nanata wa ɗalibi cewa ya sunkuyar da hancin jirgi nan take, ya riƙe gudu, ya nemi fili a gabansa ya sauka, ko da gona ce. Jirgin da ya sauka a hannun matuƙinsa yana iya lalacewa, amma sau da yawa mutanen ciki sukan tsira.

Sai dai rigakafi yana farawa ne tun a ƙasa. Kafin tashi ɗalibi yakan tsiyayo ɗan mai daga ƙasan tanki ya duba, domin ruwa ya fi mai nauyi, can yake kwanciya. Yakan gwada inji, ya kuma lissafa nauyin kaya da zafin rana, domin iskar bazara ba ta da kauri, jirgi yakan ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. In wani abu bai kwanta masa a rai ba, sai ya fasa. Hausawa sun riga sun faɗa: da muguwar rawa gara ƙin tashi.