Yadda Ake Sanya Mahaɗi a Gurbin Manhajar Lissafi

Tun a 1979, da Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc don kwamfutar Apple II, manhajar lissafi take da siffar da muka sani yau: layuka a kwance, ginshiƙai a tsaye, duk inda suka gitta juna kuma gurbi ne mai suna irin A1 ko C15. A da, gurbi ba ya ɗaukar komai sai lamba ko rubutu ko ƙa'idar lissafi. Daga Excel 97 ne aka soma iya sanya masa mahaɗi, wato mutum ya latsa gurbin ya kai shi wani wuri.

Wurin nan yakan zama shafin intanet, ko fayil a cikin kwamfuta, ko adireshin imel, ko wani gurbi a cikin littafin da ake aiki da shi. Na ƙarshen nan ne mutane suka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi rage wahala. Akawun makaranta mai falle guda ga kowane aji yana iya ware fallen farko ya jera sunayen ajujuwa, kowane suna ya kai shi ajinsa, maimakon ya yi ta laluben falle ashirin.

Sanyawar ba ta da wuya. A zaɓi gurbi, a danna Ctrl da K tare, akwati zai fito yana neman abu biyu: adireshin da za a tafi da rubutun da za a gani. Haka abin yake a Excel da Google Sheets da LibreOffice Calc. Rubutun zai koma shuɗi da zane a ƙarƙashinsa. Idan gyaran gurbin kake so ba tafiya ba, je masa da maɓallan kibiya.

Hanya ta biyu ita ce ƙa'idar HYPERLINK, kuma a ganina duk mai riƙe da dogon lissafi ita ya kamata ya koya. A Excel ana rubuta ta kamar haka: =HYPERLINK("#Bashi!B2","Duba bashi"). Alamar # tana nuna cewa wurin yana cikin wannan littafin, Bashi sunan falle ne, B2 kuma gurbin da ake nufi. Ƙarfinta shi ne tana iya harhaɗa adireshi daga abin da ke wasu gurabe. A ce ɗan kasuwa yana adana hoton kowane rasit da lambarsa, lambobin kuma suna jere a ginshiƙin A. Idan ya rubuta =HYPERLINK("C:\Rasit\"&A2&".pdf","Buɗe rasit") sau ɗaya ya jawo ta ƙasa, kowane layi ya samu mahaɗin rasit ɗinsa, ko da layukan sun kai dubu. Masu aiki da Excel na Faransanci, kamar a ofisoshin Nijar, za su tarar sunan ƙa'idar LIEN_HYPERTEXTE ne, kuma alamar ; ake sakawa a madadin waƙafi.

Abin da ya wajaba a riƙe shi ne mahaɗi adireshi kawai yake ajiyewa, ba ya ajiye abin da ke can. Kamar kwatancen gida ne: idan mai gidan ya tashi, kwatancen yana nan amma ba zai sada ka da shi ba. Da zarar ɗan kasuwan nan ya sauya wa foldar rasit suna, ko ya tura wa abokin cinikinsa littafin shi kaɗai, duk mahaɗan sun mutu. Hatta a cikin littafi ɗaya, idan aka sauya sunan falle, Excel ba ya gyara mahaɗin da ke nuni gare shi. Idan kuma aka cusa sabon layi a sama, mahaɗin zai ci gaba da zuwa B2 alhali bayanin ya gangara B3. Maganin wannan shi ne a raɗa wa gurbin suna, a ɗaura mahaɗin a kan sunan, domin suna yana bin gurbinsa duk inda ya matsa. Su kuwa fayiloli, a tara su wuri ɗaya a tsayar da sunayensu tun kafin a fara.

Akwai kuma batun tsaro. Tunda rubutun da ake gani daban, adireshin daban, ɗan damfara yana iya rubuta sunan banki a gurbi, latsawar kuma ta kai mutum shafin bogi mai neman lambar sirri. Idan littafi ya zo daga hannun wanda ba ka sani ba, ɗora linzamin kwamfuta a kan gurbin ba tare da latsawa ba, adireshin gaskiya yakan bayyana. In da ƙa'ida aka gina shi, karanta ta a sandar da ke saman falle kafin ka taɓa.