Jiragen Yaƙin da Suka Zo Gaisuwa Kuwait

A shekarar 1899 Sheikh Mubarak na Kuwait ya ƙulla yarjejeniyar sirri da Birtaniya, ya yi alkawarin ba zai karɓi wakilin wata ƙasa ba sai da yardarta. Rasha ta gwada ƙarfin alkawarin da jiragen ruwan yaƙi: Gilyak a 1900, Varyag a 1901, sai Boyarin tare da Infernet na Faransa a 1903. Da sunan gaisuwa suka zo, korar mai gaisuwa kuwa da wuya a diflomasiyya.

A Mayun 1903 sakataren harkokin waje, Lansdowne, ya ayyana kafa sansanin wata ƙasa a Tekun Fasha a matsayin babbar barazana. A Nuwamba gwamnan Indiya, Curzon, ya iso Kuwait da ayarin jiragen yaƙi, shi ma da sunan ziyara.