Shugabancin Masu Ƙirar Manhaja



Abin da za mu tattauna a kansa shi ne yadda ake shugabantar masu ƙirar manhaja, watau jerin umarnin da kwamfuta take bi ta yi aiki. Kada wani ya zaci maganar ta mutanen Ikko ce kaɗai. Tun 2007 aka fara biyan albashin ma'aikatan tarayya ta tsarin IPPIS, cikin 2015 kuma hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta baki ɗaya kan kwamfuta. Saboda haka yaron Sabon Gari mai neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, da akawun da ke jiran ƙarshen wata, duka biyu bukatarsu tana hannun waɗannan maƙera.

Babban kuskuren shugabanni shi ne ɗaukar wannan aiki tamkar gayya. Manomin Tsafe ko Bunguɗu, in ciyawa ta fi ƙarfinsa, gayya yakan kira, kowa ya kama kunyarsa, kafin azahar an gama. A gona kam sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, domin mai noma wannan kunya ba ya bukatar sanin abin da na waccan yake ciki.

Ƙirar manhaja ba haka take ba. Frederick Brooks, wanda ya shugabanci ƙirar OS/360 a kamfanin IBM na Amurka, ya bayyana cikin littafinsa na 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara, ƙara masa latti yake yi. Dalili na farko, baƙon ma'aikaci sai an koya masa, mai koyarwar kuwa gwani ne da ya ajiye nasa aikin. Na biyu, kowane ɓangare a sarƙe yake da sauran, tilas kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake yi. Tsakanin mutum 5 hanyoyin magana 10 ne, tsakanin mutum 10 sun zama 45, tsakanin mutum 20 kuwa 190. Sai a wayi gari taro ya cinye lokacin aiki, sauri ya haifi nawa.

To, wa shugaba zai yi koyi da shi? Madugun fataken Gwanja. Madugu ba ya ɗaukar kayan kowa, amma shi ya san hanya, shi ke tsai da zango, shi ke shiryawa da sarakunan da ayari zai ratsa ƙasarsu. Haka shugaban masu manhaja. Ya riƙe ƙungiya ƙarama wadda ba ta wuce mutum goma ba. Ya raba aikin zango-zango, ko da na mako biyu-biyu ne, a ƙarshen kowane zango a nuna wa masu aikin abin da suke iya gwadawa da hannunsu. Ya kuma tsare mutanensa daga manyan da ke sake bukata kowace safiya. In lokaci ya ƙure, rage kaya ake yi, ba ƙara 'yan dako ba.

Ku ma'aikata masu ba da kwangila, ran da ɗan kwangila ya makara ya ce zai ninka ma'aikatansa, ku tambaye shi wane ɓangare ne ya riga ya fara aiki, wane kuma za a iya jinkirtawa. Ku kuwa ɗalibai, ku koyi sauraro da rubuta bayani a fili kamar yadda kuke koyon na'ura, gama da su ake riƙe jama'a.