Tiya Ɗaya, Kwana Bakwai

Wani ɗan yayana a Gure yana taya mahaifinsa cinikin kanwa da dabinon da ake kawowa daga kwarurrukan yankin. Ya ɗan koyi Python a wata tsohuwar kwamfuta, sai ya ce shi da littafin lissafi sun raba gari. Ya rubuta manhaja mai zagaye bakwai, kowane zagaye rana guda. Ta zuba cinikin ranar a jeri mai suna rana, ta saka jerin cikin babban jeri mai suna mako da umarnin append, da an shiga sabon zagaye kuma ta share rana da umarnin clear.

Da ya buga sakamako, sai ga cinikin Lahadi ya fito sau bakwai. Na Litinin, na Talata, duk babu. Ya rantse kwamfutar ce ta tsufa.

Kwamfuta ba ta da laifi. Yaron ya ɗauka umarnin append juyewa yake yi, kamar mai awo ya juye tiya cikin buhun mai saye ya sake cika ta. A Python ba haka abin yake ba. Harshen nan da Guido van Rossum ya fitar a 1991 ba ya kwafar jeri idan an saka shi cikin wani, nuni kawai yake ajiyewa, wato “ga tiyar can”. Gurabe bakwai na mako duk tiya ɗaya suke nunawa. Ka zubar da abin cikinta, ka zubar wa kowa. Abin da ka auna na ƙarshe shi kowa zai gani.

Gyaran layi ɗaya ne: a farkon kowane zagaye a rubuta rana = [], a ɗauko sabuwar tiya, ta jiya ta zauna wurin mako. Ko kuma a saka rana.copy() cikin mako kafin a share. Shi clear, wanda ya zo wa jeri a Python 3.3 a 2012, yana da wurinsa: inda ake so duk mai riƙe da jerin ya gan shi wayam.

Masu cewa sharewa ta fi tattalin ma'adana, a lissafin shago ban ga ribar ba. Jerin da babu mai nuna shi, Python da kansa ke kwashe shi.

Yaron ya gyara, kwana bakwai suka fito daban-daban. Mahaifinsa dai har yau da littafinsa yake zuwa kasuwa.