'Yan Rasta Da Rigimar Fili: Daga Jamaika Zuwa Habasha

Duk wanda ya zauna a Ikko ko Badun, ba ya rasa ganin samari masu dogon gashi a murɗe, ko kuwa ya ji waƙar Bob Marley a tasha. Jama'a da yawa suna ɗaukar al'amarin 'yan Rasta kiɗa ne kawai da shan wiwi. Amma tarihinsu cike yake da rigimar fili.

Asalin abin a tsibirin Jamaika ne, cikin jikokin bayin da Turawa suka kwasa daga Afirka. Ran 2 ga watan Nuwamba, 1930, aka naɗa Ras Tafari sarautar Habasha, ya ɗauki sunan Haile Selassie. Waɗansu talakawan Jamaika, waɗanda suka daɗe suna jin kiran Marcus Garvey na komawa Afirka, suka riƙe shi a matsayin mai ceto, har suna bauta masa. Daga sunansa suka sami nasu.

A ganinsu ƙasa amana ce. Don haka suka fi son abincin da suka noma da hannunsu, wanda suke kira Ital, ba naman alade, da yawansu ma ba sa cin nama ko kaɗan. To, mai irin wannan aƙida dole ya nemi gona.

A 1940 shugabansu Leonard Howell ya kafa ƙauyen Pinnacle a kan tsaunin gundumar St Catherine, fili wajen eka 500. Suka noma rogo da doya, har da wiwi, suna ciyar da kansu. Gwamnatin Ingila ba ta ji daɗi ba. 'Yan sanda suka kai hari a 1941, suka sake komawa a 1954 suka wargaza wurin. Mutanen suka watsu cikin unguwannin talakawa na Kingston. Daga baya filin ya koma hannun wani kamfanin gine-gine, aka yi ta shari'a a kansa.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Coral Gardens, kusa da Montego Bay, cikin watan Afrilu, 1963. Rigima a kan gona ce ta jawo ƙona gidan mai, mutum 8 suka mutu, har da 'yan sanda. Gwamnatin Alexander Bustamante ta sa aka yi ta kamun 'yan Rasta, mai laifi da marar laifi, aka lakaɗa musu duka, aka aske musu gashi. Sai a 2017, bayan shekara 54, Firayim Minista Andrew Holness ya nemi gafara a majalisa, aka ware dalar Jamaika miliyan 10 don waɗanda suka rage. Kafin nan, a 2015, an gyara doka, aka yarda su yi amfani da wiwi wajen ibadarsu.

A Habasha ma ba su tsira ba. A 1948 Haile Selassie ya ba baƙar fatar ƙasashen waje eka 500 a Shashamane, 'yan Rasta suka riƙa zuwa suna zama. Da soja suka hamɓarar da shi a 1974, sai a 1975 suka mai da dukkan filaye na gwamnati, baƙin suka rasa mafi yawan kyautar. 'Ya'yansu da aka haifa a can suka tashi ba takardar zama 'yan ƙasa, har 2017 da gwamnati ta ba da sanarwar za ta ba su katin shaida.

Wanda ya san zaman Sabo ya san wannan ciwon. Filin da Sarki ya ba baƙo da baki, in babu takarda, yana iya tafiya ranar da sarautar ta tafi.