Kwikwiyon jinsin waje: Abin da mai saye ba ya gani a hoto

A Tsarnawa, inda hanyar Tahoua ta rabu da babban titin da ya haɗa Birnin Ƙonni da Malbaza, kare ba baƙo ba ne. Mafarauta na da nasu, makiyaya ma haka. Wanda ake yayi yanzu dabam ne: kwikwiyon jinsin waje, irin karen Jamus na 'yan sanda ko Rottweiler, wanda ake tallarsa a Facebook da WhatsApp, a biya kuɗi, a aiko shi a kwali.

Matsalar farko ita ce shekaru. Likitocin dabbobi na gargaɗin kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, amma ƙaramin ya fi ban sha'awa a hoto, ya kuma fi saurin shiga. Idan aka cunkusa su wuri ɗaya, cutar parvo na bin su. Tana iya ɓoyewa kwanaki, sai bayan an kai gida a ga amai da gudawa mai jini. A lokacin mai sayarwa ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Katin rigakafi ma, takarda ce kawai idan babu sa hannun likita da lambar allurar. A nan ne haɗarin ke tsallakawa kan mutane. Ba a yi wa kwikwiyo allurar ciwon haukan kare sai ya kai kusan wata 3, don haka ɗan mako 6 da aka ce "an gama masa komai" akwai alamar tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara ne suka fi wasa da kwikwiyo. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti.

Sai zafi. Kare mai kaurin gashi yana shan wuya a watan Afrilu, lokacin da zafin yankin ke haura digiri 40. Abin mamaki, jihar Tahoua na da nata jinsin: karen Azawak, dogo siriri mai gudu, wanda Abzinawa suka daɗe suna kiwo. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta yi masa cikakkiyar rajista a 2019.