Giyar Ribas Ta Ƙi Shiga? Kada A Yi Gaggawar Sauke Giyabos

Tsohuwar zuma, in ji Hausawa, da ita ake magani. Haka masu Fijo 504 suke ɗaukar motarsu, wadda aka fara ƙerawa a Faransa cikin 1968, kamfanin PAN kuma ya yi ta haɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975. An daina haɗa ta, amma har yanzu akwai masu cin abinci da ita. To, mai irin wannan mota a Angwan Iya, cikin garin Keffi, in ribas ta ƙi shiga ya shiga uku, domin wanda ya kutsa lungu ba shi da mafita sai da baya.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, ribas dabam take da giyoyin gaba. Su suna da zoben tagulla mai daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Ita kuwa ba ta da shi. Wani ɗan ƙaramin gare mai miƙaƙƙun haƙora ne yake zamewa ya shiga tsakanin biyu, ya juya tafiyar. Saboda haka kukan nan da mota take yi in tana ja da baya ba ciwo ba ne.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A kashe inji, a sa ribas. Idan ta shiga salin-alin, amma da an ta da inji sai ta yi ta gurza, to laifin na kuloci ne, watau ba ya saki sosai. Kulocin 504 da mai yake aiki, don haka sai a duba ko man ya ragu, ko yana yoyo, ko iska ta shiga bututun.

Idan kuwa ta ƙi shiga ko da inji a kashe, sai a bi sandunan da suka haɗa hannun giya da giyabos, musamman a masu giya jikin sitiyari. Robobinsu kan cinye, hannu ya kasa kai wa ribas.

Sai fa in giyar tana fita da kanta, ko ana jin ƙwas-ƙwas a kai a kai, sannan a tsiyaye mai a duba. In an ga ɓarɓashin ƙarfe, haƙori ya karye ko ya cinye, babu makawa sai an sauke. Nan ma a canza garen tare da abokin cizonsa, domin sabon haƙori ba ya daɗewa a bakin tsoho.

Direbobi kuma su ji: a tsaya cik, a taka kuloci har ƙasa, a ɗan dakata, sannan a sa ribas. Kayan gyaran 504 sai ƙara wuya suke yi, haƙuri kuwa kyauta ne.